Nasiha ga 'Yan'uwa a kan Haƙƙin Baƙo a Zauren Sana'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai haɗa zukata bayan rarrabuwarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, Allah shi jiƙanmu da ku, wannan 'yar takarda ce a kan baƙon da ya zo zauren da kuke taruwa kuna ɗinkin hula da aikin riga, ba shi da dangi a gari, ba shi da mai kiran sunansa.

Dalilin rubuta ta abu ne da na gani da idona, kuma ina cikin masu laifi. Ina saurayi muna ɗinki a wani zaure a birnin Zazzau, sai wani mutum ya zo bayan kaka, matarsa ta rasu, ya baro ƙauyensu. Kullum sai ya yi sallama mu amsa, ya zauna bakin tabarma wajen takalma, ya fid da ƙubensa yana ɗinki, mu kuwa mu koma hirarmu. Haka har wata guda. Sai ya daina zuwa, ba mu bi sawu ba, domin ba mu san masaukinsa ba. Bayan kwanaki muka ji ya yi jinya shi kaɗai a wani shago har Allah ya karɓi abinsa. Wurin jana'iza aka nemi sunan mahaifinsa, babu ɗayanmu da ya sani. Alhali duk watan nan ba mu fasa wuridi ko sau ɗaya ba.

Fasali. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622 Miladiyya, sai ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum. Ya haɗa Abdurrahmani ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya nemi raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi. Abdurrahmani ya yi masa addu'ar albarka, ya roƙi a nuna masa kasuwa kawai. Ya tafi, ya komo da ribar cuku da man shanu, har ya zama cikin mawadatan sahabbai. Ku duba. Baƙo mai sana'a ba sadaka yake nema ba, wurin zama yake nema da hanyar kasuwa.

Fasali a kan ladubban karɓarsa, su biyar ne.

Na farko, ku matsa masa ya shigo tsakiyar tabarma, inda haske yake. Mai allura yana bukatar haske, kuma wanda aka bari bakin ƙofa ya san matsayin da aka ajiye shi.

Na biyu, ku tambayi sunansa da garinsu da masaukinsa tun ranar farko. Amma kada ku tone abin da ya koro shi, sai in shi ya faɗa.

Na uku, babban zaure ya haɗa shi da mutum guda, kamar yadda aka yi a Madina. Shi zai kai shi wurin mai zane da mai zare, ya gaya masa farashin gari, kada dillali ya cuce shi. Baƙon kowa baƙon babu kowa ne.

Na huɗu, in ɗinkinsa ya karkace, kada a yi dariya. Wanda ya iya ya jawo shi gefe, su warware tare. Kuma ku tambaye shi irin ɗinkin garinsu, domin wanda aka koyi abu a hannunsa ya daina jin shi kaya ne.

Na biyar, kada biyu su yi raɗa yana na uku, Annabi ya hana wannan domin yana baƙanta rai. In ya yi fashin kwana biyu, a je a duba shi.

Kada wani ya ce kaɗaici halwa ne. Halwa da izinin shehu ake shigarta, da kwanaki ƙidayayyu. Kaɗaicin da mutane suka jefa mutum a ciki kuwa ƙofar waswasi ne, kura ba ta ɗaukar akuya sai wadda ta ware. Kada kuma ku ji tsoron zai rage muku ciniki, arziki a hannun Allah yake.

Kai kuma baƙo, ka yi haƙuri, ka riƙa fara sallama, ka tsare amanar ƙyallen mutane da alkawarin ranar gamawa.

Ya kai muridi, in ka tashi daga wuridin safe ka je zaure, duba bakin tabarma tukuna kafin ka zura zare. Allah shi gafarta mana, shi jiƙan wancan bawa nasa, shi sa mu cikin masu son juna dominsa. Amin.

Tammat bi hamdillahi.