"Baba ya tsufa, a bar shi": wa ke da ta cewa?

Kwanan baya a nan Sabo, 'ya'yan wani dattijo mai shekara 82 suka rabu gida biyu. Tsohon ya yanke jiki ya faɗi har sau biyu a hanyar masallaci. Likita ya ce bugun zuciyarsa ya sauka zuwa 35 a minti ɗaya, alhali na mai lafiya yakan kama daga 60 zuwa 100. Ya ba da shawarar a sa masa na'urar daidaita bugun zuciya.

Babban ɗan ya ce, "Baba ya tsufa, a bar shi. In kwana ya ƙare, batir ba zai ƙara ba." Ƙanwarsa ta ce ko gonarsu ta Arewa ce a sayar. Ba wanda ya tambayi Baba.

Gaskiya ne na'ura ba ta ƙara kwana. Amma ai allurar ciwon suga ma ba ta ƙarawa, kuma ba mu ce mai yin ta ya rasa tawakkali ba. Aikin kuwa ba buɗe ƙirji ba ne. Ana kashe zafin wurin, a sa na'urar ƙarƙashin fata kusa da kafaɗa, a zura waya ta jijiya zuwa zuciya. Akasarin masu ɗauke da ita tsofaffi ne, kuma batirinta kan yi shekara goma ko kusa da haka. Arne Larsson, wanda aka fara dasa wa ita a Suwidin a 1958, sai 2001 ya rasu, bayan likitan da ya yi masa aikin ya riga shi.

Haɗari akwai shi: wurin na iya ruruwa, waya na iya gocewa, ga kuɗi mai nauyi, ga komawa asibiti a kai a kai. Shi ya sa shawarar ta mai jikin ce. Mun saba ɓoye wa tsoho ciwonsa, wai kada hankalinsa ya tashi. Wannan ba tausayi ba ne, ƙwace ne. Mutumin da ya yi shekara hamsin ana kawo masa sulhu a unguwar nan, yau shi ne ba zai iya yanke wa ƙirjinsa hukunci ba?

A zaunar da shi, a fassara masa maganar likita da Hausa, daɗinta da ɗacinta. In ya ce a yi, a haɗa kuɗi. In ya ce a'a bayan ya fahimta, a girmama shi. Amma kada mu ce ya tsufa, alhali aljihunmu muke nufi.