Ka Faɗi? Tashi Kuma!



Ko ka san Dabaga? Gari ne a ƙasar Abzin, arewa maso gabas da Agadas, a bakin koramar Telwa. Ruwan sama kaɗan ne a wurin, duk da haka akwai garake masu ban sha'awa. Raƙumi yana jan guga daga rijiya, waɗansu kuwa suna da injin ban-ruwa. Da haka suke noman albasa da alkama da masara da dankali.

A farkon watan Satumba 2009 aka yi ruwa mai yawa a kan duwatsu. Telwa ta cika ta yi ambaliya. Gidaje da yawa suka rushe a Agadas, a Dabaga kuma ruwa ya cinye garake, yashi ya binne rijiyoyi. Wahalar shekaru ta tafi a dare ɗaya. Amma manoma ba su zauna suna kuka har abada ba. Suka koma suka yashe rijiyoyi, suka sake shuka. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Wataƙila ka ce, "Su ai suna da hannuwa da ƙarfi. Ni nawa ya ƙare." To, ka ji labarin wani wanda ba shi da hannu ko ɗaya.

Sunansa Nick Vujicic. An haife shi a birnin Melbon ta ƙasar Ostareliya a 1982, ba hannuwa, ba ƙafafu, sai ɗan guntun sawu mai yatsa biyu. Yara suka yi masa ba'a a makaranta. Yana shekara 10 ya nemi ya kashe kansa cikin ruwan wanka, amma da ya tuna baƙin cikin da iyayensa za su yi, ya fasa. Yana shekara 15 ya karanta Yohanna sura 9, inda almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho. Yesu ya nuna musu ba hukunci ba ne, Allah yana da aikin da zai bayyana ta wurin mutumin. Nick ya ba da ransa ga Almasihu. Daga baya ya zagaya ƙasashe da yawa yana ƙarfafa mutane. Ya yi aure a 2012, Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu.

Sa'ad da yake jawabi yakan faɗi rubda ciki a kan tebur a gaban jama'a. Yaya marar hannu zai tashi? Sai ya kafa goshinsa a kan wani abu mai ƙarfi, ya yunƙura, ya miƙe.

Ka lura, ɗan'uwa. Yunƙurin nasa ne, amma sai da abin jingina. Masu jawabi da yawa suna cewa ka dogara ga kanka, za ka yi nasara. Amma ƙarfin mutum yana da iyaka. Fari yakan zo, tumaki su mutu, yaro ya kwanta ciwo, bashi ya hana barci. A ranar nan, a kan me za ka kafa goshinka?

Yesu ne dutsen da ba ya motsi. Ya jimre gicciye saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Bai yi alkawari ambaliya ba za ta zo ba, amma ba ya yashe wanda ya dogara gare shi. Nasara ta gaskiya ba cikar rumbu kaɗai ba ce, a riƙe bangaskiya ne har ƙarshe.

Daren yau ka tara iyalinka, ku karanta Yakubu 5:7-11. Gobe da sassafe ka ɗauki fartanyarka ka koma wurin da ka bari.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, na gaji, na faɗi. Ka gafarta mini, ka tashe ni, ka riƙe ni har ƙarshe. Amin.