Addar Ngabo da tambayar wa ke da haƙƙin yafewa

Adda ce ta buɗe labarin. Wani saurayi mai suna Ngabo ya sace ta a kasuwa a Kigali, ya cusa a jaka, shi da amininsa Sangwa suka kama hanyar ƙauye. Niyyarsa ɗaya ce: ya nemo mutumin da ya kashe mahaifinsa a kisan kiyashin Ruwanda na 1994, wanda ya ci rayuka kusan dubu 800 cikin kwana 100, ya ɗauki fansa. Ngabo ɗan ƙabilar Tutsi ne, Sangwa kuwa Hutu.

Labarin wani fim ne mai suna Munyurangabo, kuma shi ne dogon fim na farko da Lee Isaac Chung ya ba da umarni, Ba'amurke ɗan asalin Koriya wanda duniya ta ƙara sani daga baya da fim ɗin Minari. Ya bi matarsa aikin sa-kai zuwa Ruwanda, ya koyar da matasa harkar fim, sannan suka ɗauki wannan fim cikin kwana 11 da 'yan wasan da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Gaba ɗayansa da harshen Kinyarwanda aka yi shi.

Da aka haska shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2007, masu sharhi sun yi masa kyakkyawar tarba. A shekarar ya ci babbar kyautar bikin AFI a Amurka, kuma daga baya Roger Ebert, wanda a lokacin ya fi kowa suna a fagen sharhin fim a can, ya sa shi a sahun ayyukan da suka kai maƙura. An yaba yadda baƙo ya shiga ƙasar da ba tasa ba bai yi mata shisshigi ba. An yaba doguwar waƙar da Edouard Bamporiki ya karanta yana kallon kyamara ido cikin ido. Kalmar da ta fi yawo a bakin masu yabon dai ita ce sulhu, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a sake duba abin da fim ɗin ya nuna.

Abotar samarin biyu ta tsage tun a gidan su Sangwa, inda mahaifinsa ya tuna masa cewa Hutu da Tutsi abokan gaba ne. Ngabo ya ƙarasa tafiyar shi kaɗai. Da ya isa, sai ya tarar da makashin ubansa kwance, cutar ƙanjamau ta cinye shi, ba abin da yake roƙo sai ruwan sha. Ga adda, ga wuya, ba mai hana shi. Sai yaron ya tafi ɗebo ruwa. Ba kotu, ba dattawan da suka zaunar da su, ba wanda ya ce masa “yi haƙuri, komai ya wuce”. Yana da ikon sara, ya zaɓi ya bari, kuma mai kallo bai tashi da tunanin cewa maraicinsa ya yaye ba. Ƙarfin fim ɗin ke nan, ya fi yabon da aka yi masa zurfi.

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan. A shari'a, idan an yi kisan ganganci, magadan mamaci ne aka ba zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. Alƙur'ani ya kwaɗaitar da yafiya, ya yi mata alkawarin lada, amma bai ƙwace ta daga hannun mai ita ba. Alƙali ba ya yafe jinin da ba nasa ba.

Labarin Wahshi ya fi fito da abin fili. Shi ne ya kashe Sayyidina Hamza da mashi a yaƙin Uhudu. Bayan shekaru ya zo ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓe shi, bai taɓa lafiyarsa ba. Amma kamar yadda Bukhari ya ruwaito, ya nemi Wahshi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An karɓi tuba, an bar ramuwa, raɗaɗin kuwa yana nan, kuma ba a ɓoye shi ba. Idan mafificin halitta ya faɗi haka a kan wanda ya kashe baffansa, ina dalilin da za a tuhumi imanin bazawarar da ta kasa gaisawa da wanda ya yanka mijinta?

Ita ma Ruwanda ta sha wannan muhawara. Kotunan gargajiya na gacaca, waɗanda aka rufe a 2012 bayan sun saurari ƙararraki kusan miliyan 2, sun sassauta hukunci ga wanda ya amsa laifinsa ya nemi gafara. Sun taimaka an gano inda aka binne gawarwaki da yawa. Sun kuma bar wasu da suka tsira suna jin an dasa musu makasan danginsu a maƙwabta tun hawayensu bai bushe ba.

A arewa maso gabashin Najeriya maganar a ƙofar gida take. Tun 2016 shirin Operation Safe Corridor ke karɓar tubabbun 'yan Boko Haram, ana horar da su a sansanin Malam Sidi da ke Gombe kafin a mayar da su cikin jama'a. Nijar ma ta buɗe irin wannan cibiya a Gudumariya ta jihar Diffa. Shirin yana da hujjarsa, domin wanda ya san ba zai samu mafita ba da wuya ya ajiye bindiga. Amma kukan 'yan gudun hijira sananne ne: an koya wa wanda ya ƙona gari sana'a, wanda aka ƙona wa gida yana zaune a tanti.

Hukumomi na da ikon yi wa mai laifi sassauci don a samu zaman lafiya. Malamai na da damar tunatar da ladan afuwa. Abin da ba su da shi shi ne sanar da cewa an yafe a madadin marayun Bama da Gwoza. Kafin a mayar da tubabbe garinsu, a tara waɗanda ya cuta a ji ta bakinsu, a gina musu abin da aka rushe, kuma wanda ya ce bai shirya ganin fuskarsa ba tukuna, a ƙyale shi.