Hukuncin Wanda Ya Yi Sadakar Abinci Sai Abincin Ya Cutar da Wanda Ya Ci

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, mu 'yan kwamitin ciyarwa ne na wani masallaci a ƙasar Rogo. Duk azumi muna tara shinkafa da gero da wake daga manoma da 'yan kasuwa, mu dafa mu raba wa marayu da almajirai da mata masu takaba. Rannan wasu daga cikin waɗanda suka sha kunun buɗa-baki suka kwana suna amai da gudawa, har aka kai yara asibiti. Allah ya ba su lafiya, amma iyayensu sun ce sai mun biya. Tun daga nan wasu masu ba da hatsi suka janye, har da 'yan'uwanmu na Karaye, suna cewa ba za su yi alheri ya zame musu shari'a ba. Shin akwai lamuni a kanmu? Idan da rai ya salwanta fa? Kuma ya halatta mu sa masu karɓa su sa hannu cewa duk abin da ya same su babu ruwanmu?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya ɗan'uwa mai tambaya, Allah ya saka muku da alheri. Taƙaitacciyar amsa ita ce: wanda ya ba da abinci don Allah, yana ganin lafiyayye ne, ya kuma yi irin kulawar da mai hankali yake yi wa abincin gidansa, babu biya a kansa kuma babu zunubi, ko da abincin ya cutar. Wanda ya yi sakaci akwai lamuni a kansa, kyawun niyya ba ya ɗauke shi. Wanda kuwa ya san cuta ce ya miƙa, mai laifi ne da ake yi wa hukunci.

Asalin wannan yana cikin Suratut Tauba, aya ta 91, inda Allah ya kore duk wata hanyar zargi daga masu kyautatawa. Daga wannan aya malamai suka fitar da ƙa'idar cewa mai taimako da wanda aka ba amana ba sa biyan abin da ya lalace a hannunsu sai in sun ƙetare iyaka ko sun yi sakaci. Imamul Ƙarafi, a littafinsa Al-Furuƙ, ya tattara sabuban lamuni zuwa uku: mutum ya lalata abu da hannunsa, ko ya zama sanadin lalacewarsa, ko ya riƙe abin wani ba bisa amana ba. Mai sadakar abinci yana shiga ne ta ƙofa ta biyu, wato sanadi, shi kuwa mai sanadi ba a kama shi sai an tabbatar ya yi ta'adi.

Mas'alar ma ta zo ƙarara a littattafan mazhabarmu ta Malikiyya. Shehu Halilu, a babin jinane na Muhtasar, ya lissafa miƙa wa mutum abinci mai guba cikin abubuwan da suke jawo ƙisasi. Da Shehu Dardiri ya zo sharhi sai ya bayyana cewa wannan hukunci na wanda ya san da gubar ne, shi kuma mai ci bai sani ba. Idan mai miƙawa bai sani ba, to yana da uzuri, babu komai a kansa. Ka ga ke nan mutane sun kasu kashi uku.

Na farko, wanda ya kula kuma bai sani ba. Misali manomin da ya auno gero mai kyau daga rumbunsa, ko ɗan kasuwar da ya ba da buhun shinkafa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ko matar da ta dafa da ruwa mai tsabta ta raba da ɗuminsa. Waɗannan ladansu yana nan, babu diyya, babu kaffara, babu kuɗin magani a kansu. In sun tallafa wa wanda ya kwanta, alheri ne a kan alheri.

Na biyu, wanda ya yi sakaci. A nan nake so ku tsaya da kyau, domin nan ne ƙafa take zamewa. Ma'aunin sakaci shi ne al'adar masu sana'a: abin da kowane mai kula ya san ba a yi, shi ya yi. Waken da aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya, aka fito da shi aka dafa tun maganin bai fita ba. Irin shuka da aka cuɗa da magani, aka kawo shi a matsayin abinci. Garin rogon da ba a jiƙa ba, ba a kuma shanya yadda ya kamata ba, alhali manoma sun san akwai rogo mai ɗaci da yake kisa. Shinkafar da aka dafa da hantsi aka ƙulle a leda cikin zafin bazara har magariba. Kunu ko zoɓon da aka haɗa da ruwan da mai haɗawar ba zai ba 'ya'yansa ba. Kayan da aka saya da araha don wa'adinsu ya wuce. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo, har hukumar NAFDAC ta shiga bincike.

Wanda aka tabbatar ya yi irin wannan sakaci, idan rai ya salwanta hukuncinsa na kisan kuskure ne, wanda Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta wajabta masa diyya da kaffara. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa, dangin uba na mai kuskuren suke haɗawa su biya cikin shekara uku. Kaffara a yau azumin wata biyu ne a jere, kuma mafi yawan malamai sun wajabta ta har a kisan da ya zo ta hanyar sanadi. Idan ciwo ne aka warke, wasu malaman Malikiyya sun ɗora wa mai laifin ladan likita da kuɗin magani, kuma wannan shi ne ra'ayin da ya fi dacewa da halin da talakawanmu suke ciki. Kada wani ya ce ai kyauta ce, mai karɓa ba ya zaɓe. Suratul Baƙara, aya ta 267, ta hana a nufi mummunan abu a yi sadaka da shi, wanda mai bayarwar da kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Haka nan Imamu Malik ya kawo hadisin da ya haramta cuta da cutarwa a cikin Muwaɗɗa.

Na uku, wanda ya san abincin yana kisa ya bayar. Wannan ya fita daga babin sadaka, al'amarinsa na kotu ne, kuma yana iya kai wa ga ƙisasi.

Sai batun wa za a kama idan hannaye sun yi yawa. Lamuni yana bin hannun da sakaci ya auku a cikinsa. Idan mai hatsi ya ba da lafiyayye, masu girki suka ɓata, shi ya kuɓuta. Idan mai shago ya ɓoye aibin kaya ya sayar muku, a kansa abin yake. Ku 'yan kwamiti wakilai ne amintattu, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa wanda aka ba ajiya ba ya biya sai ya yi ta'adi. Idan kuma biya ta hau kan wani daga cikinku, ba a ɗauka daga kuɗin ciyarwa, domin masu shi don cikin mabuƙata suka bayar.

Game da da'awar da iyayen yara suka yi, hujja tana kan mai da'awa. Amai da gudawa suna da sabubba da yawa, sai an tabbatar daga kununku ne, ta bakin likita ko ta ganin cewa waɗanda suka sha daga tukunya ɗaya ne suka kamu, sannan a tabbatar da sakaci. Ku fara binciken kanku tsakaninku da Allah: ina aka ɗebo ruwan, yaushe aka dama, da me aka haɗa. In kun ga gazawa, ku biya kuɗin magani tun ba a tambaye ku ba. In ba ku gani ba, ku je ku gaishe su, ku nemi sulhu a gaban mai unguwa ko dagaci ko hakimi. Tun daga 2024 Karaye da Rogo su ne ƙananan hukumomin da suke ƙarƙashin masarautar Karaye, saboda haka hanyar sulhu ɗaya ce gare ku. In abin ya gagara, alƙali ne mai yanke hukunci, fatawa ba ta maye gurbinsa.

Sa hannu kuwa ba ya amfanar da ku. Idan ba ku yi sakaci ba, shari'a ta riga ta wanke ku. Idan kun yi, takarda ba za ta ɗauke haƙƙin rai ba, domin malamanmu sun ce ko mutum ya yafe jininsa tun kafin a taɓa shi, yafiyar ba ta aiki, saboda ya sarayar da haƙƙi kafin ya tabbata. Ga shi kuma ƙasƙanci ne a ɗora wa mai yunwa sharaɗi kafin ya ci.

Hukuncin bai tsaya ga tukunya kaɗai ba, ya haɗa da yadda ake rabo. A watan Disamba na 2024 mutane da dama, ciki har da yara, sun mutu a turmutsitsin rabon tallafi a Ibadan da Okija da Abuja. Wanda ya yi shela ya tara dubban mayunwata a ƙofa ɗaya ba tare da tsari ba ya buɗe wa kansa ƙofar sanadi. Ku rubuta sunayen mabuƙata ta hannun masu unguwa da limamai, ku kai wa mata da tsofaffi har gida.

Tsoron da ya kama masu ba ku hatsi ya taɓa kama masu kantuna a Amurka, har suna zubar da abinci mai kyau don gudun ƙara. A 1996 aka yi musu doka da ta kare mai ba da abinci da kyakkyawar niyya, ta cire mai mummunan sakaci da mai ganganci. Italiya ma ta yi tata a 2003. Wannan rarrabewa tana cikin littattafan fiƙihunmu tun ƙarnoni da suka wuce. Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da ta rubuta ta a doka, Hukumar Zakka da Hubusi kuma ta tsara wa kwamitocin ciyarwa ƙa'idojin tsabta.

Ku isar wa 'yan'uwanku na Karaye da Rogo cewa janyewa ba ta da madogara a shari'a. Ciyar da wanda yunwa take neman halaka shi farilla ce a kan al'umma, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Su dawo da hatsinsu, ku kuma ku tsananta kula, kada ku ba wa maraya abin da ba za ku ci tare da shi ba.

Allah ne mafi sani.