Wace Waƙa Ce Ta Dace da Bagadi?

Akwai gardamar da ta daɗe tana ci a majami'unmu. Dattawan da suka haddace Kyrie da Credo tun zamanin da ake yin Mas da harshen Latin suna kuka cewa sujada ta koma dandali. Matasa kuwa suna cewa idan aka hana su ganga da jita, za su tafi inda za a ba su. Kowane ɓangare yana tsoron hasara ta gaske: wannan yana tsoron rasa tsarki, wancan yana tsoron rasa jama'a.

Ikkilisiya ba ta goyi bayan ɓangare ɗaya ba. A shekarar 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta ba waƙar Giregori matsayi na farko a sujada, amma a cikin takarda guda ta umarta a girmama kiɗan gargajiyar al'ummai, a ba shi wurinsa. Da wannan izini ne tulu da kuge suka shigo majami'a. A 1995 kuma, a Yawunde, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya jaddada cewa dole bangaskiya ta yi saiwa cikin al'adun Afirka.

To, ina ma'auni? Waliyyi Agustin, wanda waƙoƙin majami'ar Milan suka sa shi hawaye, ya furta cewa duk sa'ad da daɗin murya ya rinjayi ma'anar kalma a zuciyarsa, yakan ga ya yi laifi. Ashe tambayar da ta kamace mu ita ce: shin waƙar tana kai taron jama'a ga addu'a?

Da wannan ma'auni za mu auna kanmu duka. Tsohuwar waƙar da aka ɗora wa kalmomin Hausa bisa karin Turawa, har hawa da saukar murya suka karkace, ma'ana ta ɓace, ba ta cika aikinta ba. Sabuwar waƙar da mawaƙa kaɗai suka iya, jama'a suna kallo suna tafi, ita ma ba ta cika ba, domin ta mai da masu sujada 'yan kallo.

Saboda haka muna roƙon shugabannin mawaƙa su koya wa yara Sanctus na dā, su kuma zauna da dattawa kafin su kawo sabuwar waƙa. Kada tsohuwa ta zo gidan Ubanta ta rasa abin da za ta rera. Ubangiji ya haɗa muryoyinmu cikin yabonsa. Amin.