Gargaɗi Ga Dillalin Gaggawa: Waƙa Da Sharhinta

  Ya ku ikhwani, ga baitoci a kan kwaɗayi, tare da sharhinsu.

1. Na yi yabo gun Jalla, Sarkin gaskiya,
Shi ne ka raba arziki a duniya.

2. Ya kai matashi mai gudun tara kuɗi,
Tsaya ka ji zancen masu haƙa rijiya.

Sharhi: Ku sani, dillalanci sana'a ce ta halal, kuma la'ada halal ce matuƙar an tsare amana. Akwai dillalan da hajarsu hannun jari ne, wato rabon da mutum ke saye cikin kamfani don ya ci riba tare da shi. A shekarar 1989, a jihar New York ta Amurka, wani saurayi, Jordan Belfort, ya kafa gidan irin wannan dillanci mai suna Stratton Oakmont. Ya tara samari, ya koya musu daɗin baki, ya kwaɗaita musu arziki tun ba su kai shekara 30 ba.

3. Su sayi haja a ɓoye tun tana arha,
Sannan su hura ta da iskar ƙarya.

4. Su kira bawan Allah da bai san su ba,
Su ce da shi: yau za ka rabu da tsiya.

5. In ta yi tsada sai su sayar su janye,
Su bar shi da takarda maras moriya.

Sharhi: Ma'ana, sukan mallaki hannun jarin ƙananan kamfanoni a asirce, wani lokaci da sunayen wasu. Sa'an nan samarin su duƙufa bugun waya, suna kuranta hajar ga mutane, suna matsa musu su saya yanzu-yanzu. Masu saye na yawaita, farashi na hawa. Idan ya kai ƙololuwa sai su sayar da nasu. Nan take farashi ya faɗi, wanda ya zuba guminsa ya tashi a tutar babu. Wannan algus ne, kuma ɗan'uwan abin da malaman fiƙihu ke kira najashi, wato ɗaga farashi da yaudara don a ruɗi mai saye. Shari'a ta haramta su duka.

6. Rana ta mai kaya tana nan tafe,
Mai daɗin baki sai ya kwana da kunya.

7. Kurkuku na ƙarewa, haƙƙi bai faɗi,
Yana jiran ka can a filin tsayuwa ɗaya.

Sharhi: A 1996 hukumar dillalan ƙasar ta kori gidan, ya rufe. A 1999 Belfort ya amsa laifin zamba. Ya yi wata 22 a kurkuku, kotu kuma ta umurce shi ya mayar da dala miliyan 110 ga mutane fiye da 1,500 da aka cuta. Hausawa sun yi gaskiya: kwaɗayi mabuɗin wahala.

Fa'ida: Ya kai muridi, laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka nadama da istigfari na kankare shi. Amma haƙƙin bawa, sharaɗin tubansa mayarwa ne ko neman yafewa. Kada ka zaci wuridin safe da maraice zai wanke kuɗin da ka ci da ƙarya. In kai dillali ne, faɗi aibin haja kafin ka karɓi la'ada. In kai mai saye ne, duk wanda ya yi maka alkawarin riba mai yawa babu asara, ya kuma hana ka lokacin shawara, to ka riƙe aljihunka.

8. Ya Rabbu ba mu wadar zuci da halal,
Ka sa mu cika da imani da lafiya.