Littafin Diwali a Jakar Ɗanka: Sani Ne ko Sujada?

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, inda Indiyawa suke da yawa, ana buga ƙananan littattafai masu hotuna domin yaran da suka fara koyon karatu, suna ba da labarin Diwali, babban bikin mabiya addinin Hindu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Binny's Diwali na Thrity Umrigar, wanda ya fito a 2020, labarin wata yarinya da ta bayyana wa 'yan ajinsu bikin gidansu. Manufar marubutan ita ce yara su saba da bambancin al'adu tun suna ƙanana. To, in irin wannan littafi ya shigo gidan Kirista cikin jakar makaranta, mahaifi ya ƙwace shi ne, ko ya bari?

Kafin mu yanke hukunci, bari mu san abin da muke magana a kai. Ana yin Diwali kwana 5, cikin Oktoba ko Nuwamba. Ana share gidaje, a jera fitilun yumɓu masu mai da lagwani, a raba kayan zaƙi. A arewacin Indiya ana tunawa da komowar Rama gida Ayodhya tare da matarsa Sita bayan shekara 14 a gudun hijira, bayan ya ci sarki Ravana da yaƙi. A babban daren kuma iyalai suna yi wa Lakshmi sujada, wadda suke ɗauka allahiyar arziki.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana tsoron sani ba. An ilimantar da Musa da dukan hikimar Masarawa (Ayyukan Manzanni 7:22). Daniyel ya koyi harshe da littattafan Kaldiyawa har ya fi masanan Babila, amma ya ƙi ƙazantar da kansa da abincin sarki, kuma bai fasa addu'a sau uku a rana ba ko da ramin zakoki yana jiransa. Manzo Bulus ya zaga Atina yana duba abubuwan da mutanen suke bauta wa, sa'an nan ya yi musu wa'azi daga abin da ya gani. Dukansu sun sani, babu wanda ya durƙusa. Balle ma mu da muka girma da finafinan Indiya, mun sha ganin waɗannan fitilu ba wanda ya yi mana bayani.

Damuwata a wani wuri take. Sau da yawa irin waɗannan littattafai sukan tsaya ga fitilu, sababbin tufafi da alewa, su wuce maganar sujada da sauri, ko su rufe da cewa dukan bukukuwa abu ɗaya suke nufi, wato haske ya rinjayi duhu. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba gaskiya ba ce. Ba Kirista kaɗai ta zalunta ba, har da mai bin Hindu, domin shi da gaske yake roƙon Lakshmi, ba wasan fitila yake yi ba. Yaya za mu ji in an rubuta littafin Kirsimeti da shinkafa da kaji da ɗinkin yara, ba a ambaci haihuwar Yesu ba, aka ce an girmama mu ke nan? Yaron da aka koya wa cewa babu bambanci bai koyi girmama maƙwabcinsa ba. An dai ɓoye masa abin da maƙwabcin ya gaskata.

Saboda haka shawarata ga iyaye ita ce kada a ƙwace littafin, kada kuma a bar yaro shi kaɗai da shi. A zauna a karanta tare. In ya tambayi wace ce matar nan da take zaune a kan fure, a faɗa masa sunanta ba da ba'a ba, a ce waɗannan mutane suna yi mata addu'a, mu kuwa Allah ɗaya muke bauta wa, kamar yadda Fitowa 20:3 ta umarta. A ƙara masa da cewa yarinyar da ke cikin labarin ma cikin kamannin Allah aka halicce ta.

Inda abin yake da wuya shi ne ranar da malama ta ce kowa ya gina fitilar yumɓu a aji. Ni zan bar ɗana ya gina, ya shafa mata launi. In aka ce a kunna ta a gaban siffar Lakshmi, zan je in ga malamar da kaina, cikin ladabi, in roƙa a ɗauke masa wannan.